Ƙwaryar da Ba Ta Shiga Ɗaki

Tun ranar da na je Konni na ɗauko ƙanwata Balkisa da jaririnta na kawo su gidana a Malbaza, babu yammacin da zan hura wuta ban tuna kakarmu ba. Balkisa ba ta da lafiya. Ba zazzaɓi ba ne, ba kuma ciwon da ake nuna wurinsa da yatsa ba. Tana zaune cikinmu, ana hira tana amsawa, amma rabinta ba ya nan, kuma har yau ban sani ba ko zai dawo duka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an ba mu labarin wannan ciwo tun muna yara, ni da ita a kan tabarma ɗaya. Muka ji, muka yi dariya, muka je muka kwanta.

Kakarmu ta wajen uba sunanta Tani, amma a unguwarmu ta Tajaye duk wanda ya ce Inna ita yake nufi. Gajeruwa ce, mai ƙaramar murya da babban faɗa, goro ya rina mata 'yan haƙoran da suka rage. Ba ta da wata dukiya ban da awaki da wata ƙatuwar tukunya baƙa da sai mutum biyu ke ɗagawa. Wannan tukunya ita ce sana'arta. Idan mace ta haihu a dangi ko a maƙwabta, ungozoma na gama nata aiki sai a aika a kira Inna. Ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ta tsoma ganyen dogon-yaro ta fyaɗa wa mai jego a jiki, ta dama mata kunun kanwa, ta kwana da ita ɗaki ɗaya har a yi arba'in.

Itacen wankan kuwa miji ke tara shi tun ciki bai tsufa ba, kuma sai Inna ta zo ta zagaya tarin ta duba. Na taɓa ganin ta tsaya gaban wani ƙanen babanmu, ƙato da gemunsa, ta taɓa itacen da ya tara da ƙafa.

"Da wanga za ka wanke mani ɗiya?" ta ce. "Ko shayi kaka so in dahwa maka?"

Ya ɗaura wa jaki amalanke ya koma daji.

Mu yara, in an yi haihuwa, ba jaririn ke sa mu murna ba. Jariri ba ya wasa, ba ya ba ka komai, kuka kawai ya iya. Wutar muke so. Bayan wankan yamma garwashi kan rage jawur ƙarƙashin tukunya, Inna kuwa ba ta yarda wuta ta mutu a banza. Ana idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun, kowa da 'yar gujiyarsa ko ɗanyen wake da zai binne a toka. Hayaƙin ganyen wanka na nan bai gama washewa ba, awaki na tuƙa a bayan darni, daga nesa kana jin wata mata da ta makara tana daka. Mai jegon ma sai ta fito. Ko tana jin kasala, Inna za ta sa a kawo mata kujera bakin ƙofar ɗaki, ta lulluɓe ta da zane biyu, ta zauna ta ji abin da ake yi.

"Ba a barin mai jego da bango," haka take cewa. "Bango ba shi amsa magana."

Mun ɗauka cikin surutunta ne na tsofaffi, irin wanda ake ji a wuce.

Wurin zaman kowa sananne ne. Ni ina gefen dama, inda zan iya katse ta in na ji abin da bai yi mini ba, don tun ina ƙarama ba na haɗiye magana. Inna kan ce bakina ya riga ni fitowa duniya. Balkisa kuwa, da na girme ta da shekaru masu dama, cikin zanen Inna take shigewa, yatsa a baki, idanu kawai ke waje. Yarinya ce mai saurin kuka. In kura ta cinye ɗan akuya a tatsuniya sai ta yi ta sheshsheka har a yi mata alkawarin cewa ya fito ta wani wuri.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara itace guda, ta tofar da goro, ta dubi duhu kamar tana hango baƙuwa.

"Ga wata can tahe da sandarta. A ba ta wuri?"

Mu ce, "A ba ta!"

"To ku matsa, ta gaji."

Sai mu matsa da gaske, mu bar wa tatsuniyar fili a tabarma.

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, wasu sun cakuɗe da juna. Ta ƙwarya ce kaɗai ta zauna daram, wataƙila don ita ta fi maimaitawa, musamman in mai jegon haihuwar fari ce.

Wai wata mata ce a wani gari, tana da ƙanwa da aka kai aure can bayan dutse, tafiyar yini guda a ƙasa. Duk wata sai ta daka dawon fura ta ƙulle a ƙwarya, ta ɗauki sanda ta je ta gano ta. Hanyar ba daɗi, ga ƙaya ga rana, kullum ta dawo ƙafafu a kumbure. Ran nan wani ɗan koli ya sauka garin, ya ji tana kukan ƙafa, sai ya kwance kayansa ya fito da wata farar ƙwarya mai santsi. Ya ce in la'asar ta yi ta cika ta da ruwa, ta kira sunan duk wanda take so, za ta ga gidansa a cikin ruwan. A nan Inna kan toshe hanci ta yi muryar ɗan kolin: "Wagga ƙwarya ba ta ƙarya. Amma ba ta shiga ɗaki." Matar ba ta tsaya jin rabin maganar na biyu ba, ta ba shi tunkiyarta ta karɓe ƙwarya.

La'asar na yi ta zuba ruwa ta kira sunan ƙanwarta. Sai ga tsakar gida an share tas, turmi a tsaye, wankakkun zannuwa a kan darni, hayaƙi na tashi daga madafa. Ta ce alhamdu lillahi, ta rataye sandarta a bayan ƙofa. Gobe ma ta duba, haka. Jibi ma haka. Wata ya kama, wata ya ƙare, ba ta je ba, tunda ga lafiya tana gani da idonta.

Da ta tsaya nan, da da sauƙi. Amma ruwa ba ya ƙarewa, suna kuma ba ya ƙarewa. Ta fara kiran matar mai gari, ta kira ƙawarta ta ƙuruciya, ta kira wadda suka yi faɗa a rijiya shekarar da ta wuce. Ko'ina ta duba sai ta ga raguna farare da sababbin ƙore a jere. In ta ɗaga kai ta dubi nata gidan, sai ta ga ashe darninta ya karkace, ashe akuyarta ramammiya ce. Tuwon da take ci da daɗi jiya ya daina yi mata daɗi. Ta kan duƙa a kan ƙwarya har tukunya ta ƙone, ɗanta na jan zanenta ba ta ji.

Labarin ƙwarya ya bazu garuruwa. Kowa ya san in la'asar ta yi mai yiwuwa ana kallonsa, don haka kowa ya dage da shara, a fito da zanen salla a shanya ko bai yi datti ba. Wanda ba shi da akuya sai ya ari ta maƙwabci ya ɗaure bakin ɗaki, rana na faɗuwa ya mayar. Nan ne muke fashewa da dariya, Inna ta kwaikwayi akuyar aro tana kukan a mayar da ita gida, har mai jego sai ta riƙe ciki tana cewa Inna ta bari.

Ashe can bayan dutse ƙanwar ta kwanta ciwo. Ta san yayarta na dubawa kullum. Ba ta son ta tayar mata da hankali, kuma tana jin kunya a ga gidanta ya kasa na mutane. Don haka in la'asar ta gabato sai ta rarrafo ta fito, ta share tsakar gida a zaune, ta tsai da turmi, ta tara ƙaiƙayi ta cinna masa wuta don hayaƙi ya tashi, alhali babu tukunya a kai. Sannan ta koma ɗaki ta kwanta tana kallon ƙofa, tana cewa a ranta, yau kam Yaya za ta lura. Har ranar da ta kasa rarrafen. Yayar ta duba ruwa ta ga kashin awaki ko'ina, ba hayaƙi. Ta zabura ta jawo sandarta, ta tarar gara ta cinye ta, ta fita haka nan da hannu biyu.

Daga nan tatsuniyar ta rabu biyu. In Balkisa ta fara sheshsheka, Inna sai ta ce matar ta isa ta iske ƙanwarta da sauran numfashi, ta dama mata kunu, ta goya ta zuwa gida. In kuwa Balkisa ta riga ta yi barci, sai matar ta gamu da mutane a bakin gari suna dawowa daga maƙabarta. Ni da na ji duka biyun, wata rana na kasa haƙuri.

"Inna, ran nan kin ce ta mutu, yau kin ce ta tashi. Wace ce ta gaskiya?"

Ta dube ni ta gefen ido. "Ke dai da bakinki. Duka gaskiya na. Ya danganta ga ranar da yayar tat tashi."

"To wace rana ta tashi?"

"Je ki tambaye ta. Baƙuwarmu ta ɗauki sandarta, ku ba ta hanya. Mai gujiya cikin toka shi hidda abinai."

Haka take rufewa, sai mu ja tabarma mu watse.

Darasin da muka ɗauka a lokacin shi ne wanda kowa ya sani, zumunta a ƙafa take. Wannan ko a bayan motoci ana rubuta shi, ba sai an hura wuta an tara yara ba. Mun yi ta zagin yayar a kan ragwanci. Ƙanwar kuwa, mai shara a zaune, ba wanda ya tsaya a kanta. Ni a nawa wayon har cewa nake wauta ce ta yi mata yawa, mutum ba shi da lafiya, ya hana a gani.

Inna ta rasu ina kwaleji. Mahaifiyarmu ta bi ta bayan 'yan shekaru. Tukunyar ta koma hannun ƙanwar babanmu, Gwaggo Hajo, ita ta gaji zaman jego a dangi. Ni na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, aka turo ni Malbaza, Balkisa ta auri Salisu, direban babbar mota a Konni, mutumin kirki amma ɗan hanya, in ya tafi sai ya yi makonni. Ya saya mata babbar salula don ta rage kewa, ita kuma ta mai da ita kanti, tana sa hotunan atamfa da turare mata na saye. Aka buɗe gurup na dangi a salula, na Tajaye da na Konni da samarinmu da suka tafi biɗa ƙasashen waje duk muna ciki. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa. Muryar da a da sai shekara ta zagayo ake ji, yanzu da safe tana kunnenka. Amma ni ma na san dararen da na kwanta ina kallon 'yan ajinmu na da a Yamai, kowace a buronta, ofis mai sanyi, na tashi da safe ina jin haushin ajina na zana da yaran da ba su yi mini komai ba.

Balkisa ta haihu ƙarshen damina, namiji, aka sa masa Habibu. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki a asibiti, likita kuma ya ce kada a kuskura a kai tafasasshen ruwa kusa da ɗinkin. Gwaggo Hajo ta zo da shirin zama, sai ta ji wannan magana. Ta daure har aka yi suna, sannan ta ɗaure kayanta.

"Tunda ba wankan da za a yi, mi zan zamna yi?" ta ce. "Wake na can shina hwashewa gona."

Babu wanda ya ce mata a'a. Dukanmu, manya da yara, a wurinmu zaman jego wanka ne, in babu wanka babu zama. Ni an koma lakwal. Salisu lodi na jiransa. Gidan Balkisa akwai famfo da lantarki, asibiti kusa, maƙwabta na leƙowa su yi sannu daga bakin ƙofa. Muka watse muka bar ta da jariri da salula.

Kuma kullum sai ta sa hoto. Yau leshi kore, gobe atamfa ja, kwalliya tsaf, jariri a hannu, a ƙasa ta rubuta alhamdu lillahi. Mu kuma mu bi da masha Allah. Gwaggo da ba ta karatu sai a nuna mata, ta yi saƙon murya tana cewa, "Kai, jego ya karɓi ɗiyag ga! Ashe na birni ba su buƙatarmu." Na yi niyyar zuwa fiye da sau ɗaya, sai in duba in ga tana ƙyalli, in ce bari sai hutu.

Ana gobe suna an yi mana ƙunshi ni da ita, mace ɗaya ta yi mana, jan lalle har farce. Bayan 'yan watanni, wata ranar Juma'a da yamma ina zaune da salula a hannu, sabon hotonta ya shigo, ta tallafe kan yaron da hannun dama. Na dubi hannunta, na dubi nawa da ke riƙe da salular. Lallena ya bi farce ya gangara, saura ɗan ja a baki wanda yankan farce ɗaya zai tafi da shi. Nata yana nan cif har gindin farce, kamar jiya aka kwance. Na koma baya ina duba na sauran kwanaki. Zane na sauyawa, ɗankwali na sauyawa, farce bai motsa ba, yaron ma bai ƙara girma ba. Duk a makon suna ta ɗauke su, take fito da su ɗaya ɗaya.

Da safe na shiga mota zuwa Konni ban gaya wa kowa ba, ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan. Na yi sallama har na gaji kafin ta buɗe.

"Yaya! Ke ta? Ba ki hwaɗi kina tahe ba."

"In na hwaɗi ki yi mi? Shara?"

Ta yi wani ɗan murmushi, tana lalubar ɗankwali, tana tura kwanoni ƙarƙashin gado da ƙafa. Tagogi a rufe, ɗakin na warin tsumman jariri, salula na kan matashi a jone da wuta. Yaron na kwance, ya girma amma ba kumari. Ita kuwa wuyanta ya fito, idanu sun faɗa, farcen da na zo dominsa duk ta cinye shi da haƙori. Muka gaisa, komai na tambaya ta ce lahiya lau. Ban yi gardama ba, gaisuwar bakin ƙofa ta kowa ce. Ta kawo ruwa na sha, na ajiye kofin, na gyara zama na sake gaishe ta kamar yadda ake yi wa wanda aka zo dominsa.

"Balkisa, ƙaƙa jikin naki?"

Ta buɗe baki za ta ce lahiya, leɓenta ya ƙi. Ta zame ƙasa ta kifa kai a gwiwata.

Sai da ta yi mai isarta sannan magana ta fito, guntu guntu. Ta ce tun suna ba ta yi barcin kirki ba. In yaron ya yi barci sai shirun ɗakin ya ba ta tsoro, ta ɗauki salula ta ce ɗan kaɗan za ta duba, ba ta ankara ba sai ta ji ana kiran salla. Masu jego take kallo, na kusa da na nesa, kowace na sheƙi, miji a gefe, uwa a gefe.

"Kowa ta iya, Yaya. Ni ɗai nik kasa. In ya yi kuka sai in ji awa in buɗe ƙohwa in yi ta tahiya, kar in waiwayo."

Ta ce sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta rubuta a wani gurup na mata, inda ba a san ta ba, cewa tana kuka ba dalili, ko akwai wadda ta taɓa jin haka. Suka yi mata ca. Wata ta ce wasu na shekara da shekaru suna neman haihuwa, ita ta samu tana butulci. Wata ta ce ta nemi tsari, aljanu ne. Wata ta sa hoton dariya kawai. Ta goge abin da ta rubuta, ta zaɓi hoto mafi kyau ta sa.

"Kullum ina duba waɗanda sunka ga hoton," ta ce. "Sunanki na hwarko. Sai in ce, yau Yaya za ta gane."

Baƙin ciki ya sa na ɗaga murya, halin nawa. "In gane mi? Dariya kike cikin hoton!"

Ta ɗago ta dube ni. "Ai ke kinka san dariyata."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba.

Ranar muka je asibiti. Wata likita mai haƙuri ta zauna da ita, ta ce ciwo ne sananne da kan kama wasu mata bayan haihuwa, ba butulci ba ne, ba gazawa ba ce, kuma yana da magani. Ta ce ba salula ta haife shi ba, amma ta cinye barcin da zai taimake ta, ta ɗora mata awon kanta da mutanen da ba ta san cikin ɗakinsu ba, ta kuma ɓoye ta daga masu zuwa. Na kira Salisu yana kan hanya, na ji ƙaton namiji yana kuka a bakin titi. Ya ce shi ma hotunan yake nuna wa abokansa. Ya yarda in tafi da ita.

Da labari ya kai Tajaye, Gwaggo Hajo ta baro sussuka ta zo Malbaza. Ba ta yi doguwar magana ba, ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Balkisa, har yau can take kwana. Wata safiya muna dama kunu ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara nawa ina bin Inna, na ɗauka ruwan zahi na aikin. Ashe ruwan dalili na, don a samu a zamna."

Yanzu Balkisa na shan maganinta, muna komawa asibiti in lokaci ya yi. Ita da kanta ta fita daga gurup ɗin matan nan, ta daina bin masu jegon da ba ta sani ba. In an yi isha'i sai ta kawo salular ɗakina ta ajiye, tawa ma tana nan kusa da ita, don ba zan hana ta abin da nake yi ba. Da rana takan kira Salisu su yi magana da murya, ya ji gwarancin ɗansa. Wani lokaci nakan ga ta ɗauki salular, fuskarta ta fara rufewa, sai in turo mata faifan wake in ce ta taya ni tsincewa. Wata rana ta karɓa, wata rana ta ce in ƙyale ta.

Ban ce a jefa salula rijiya ba. Ko a bakin Inna ba a taɓa fasa ƙwaryar ba, kuma ɗan kolin bai cuci kowa ba, ya faɗi iyakar kayansa tun farko. Abin da ban gane ba sai yanzu shi ne ba yayar kaɗai ƙwaryar ta cuta ba. Wanda ya san ana kallonsa kullum, ƙarfin da zai yi jinya da shi a shara yake ƙarewa. A zamanin tatsuniyar ma da sauƙi, mai kallo daban, mai shara daban. Mu yanzu kowa na riƙe da ƙwarya a hannu ɗaya, tsintsiya a ɗayan. Ina baƙin cikin watannin nan da ba za su dawo ba, ina baƙin cikin cewa Inna ta ba mu abin a baki muka tauna ɓawon muka tofar da ƙwayar. Da tana raye da ta wanke mu tas, daga ni har Gwaggo, sannan ta ɗauki tabarmarta ta tafi Konni ko da a amalanke.

Makon jiya da hantsi muna zaune a inuwa, Habibu na ta ƙoƙarin rarrafe a kan tabarma, Balkisa ta ce in zo in taya ta zaɓar hotunan da za ta goge. Tana wucewa da yatsa tana cewa ba ta tuna ranar da ya fara murmushi ba, ba ta tuna ranar da ya fara riƙe kansa ba, kamar wata ce ta yi renon. Sai ta tsaya a kan ɗaya, na leshi kore, wanda duk dangi muka fi yabawa.

"Yaya, kin san mi? Cikin duk matan da nika kallo da dare, wagga ta hi sa ni kuka."

"Ke ta fa, Balkisa."

"Na sani. Ina kallon ta in ce, dubi, ita ta iya."

Yaron ya iso gwiwarta ya miƙa hannu, ta daɗe tana dubansa kafin ta ɗauke shi.